Motar Maradi Ta Shigo?

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Matata ta tafi ta bar ni. Haka masu gaisuwa ke ce mini tun safe, ni ma haka zan rubuta. Inna Kulu ce, kakata ta wajen uba, wadda ta karɓe ni ranar yaye ba ta ƙara mayar da ni ba, wadda ke kirana "maigida" tun ina yawo ba wando. Kafin azahar mun kai ta makwancinta.

Aikin bai ba ni wuya ba, don ta riga ta yi rabinsa. Likkafani tun shekarun baya ta saya ta ba Goggo Safi, ƙanwar babana, ajiya. Wai in aka aike ni kasuwa za a cuce ni, tunda ni mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, ban da alli ban san wani farin abu ba. Ni na samo masu haƙa, na ɗauko makara a masallaci, na bi gida-gida aron tabarmi, na sa aka kafa rumfa a ƙofar gida. Masu haƙa suka ce ƙasa ta yi musu laushi, a tsakiyar bazarar nan. Tsoho Intalla, Buzun da katanga ɗaya ta raba mu da shi, ya gyara rawani ya ce, "To wa ke gardama da Kulu? Ko ƙasa ta san bakinta." Har Liman sai da ya kau da kai don kar a ga haƙoransa.

Jika ba ya kukan kaka, kowa ya san wannan. Ban yi ba.

Safiyar yau ba zan rubuta ta ba. Da mata suka gama wanka aka fito da ita, Goggo ta kulle ɗakin ta sa mini makulli a aljihu.

Baba bai samu jana'iza ba. Motar Maradi ta shigo mun riga mun dawo.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Baba ya ja ni gindin dogon yaro. "Kai" ya ce, don ba ya kiran sunana, ni ne ɗan farinsa. Shi ma ɗan farin Inna ne, shi ya sa tun da ya zo duniya bai taɓa jin "Sallau" a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. A gidanmu mun gaji alkunya, mun gaji taurin kai, sauran gado duk bayan waɗannan yake.

Yana kallon takalminsa ya ce, "Kai, ta bar wata magana?"

Na san abin da yake tambaya. Damina biyu ke nan rabonsa da Dakoro. Ya zo ne ya ɗauke ta ta koma wurinsa Maradi, ta ce ba ta zuwa, magana ta yi tsawo a zaure, aka faɗi abin da ba zan sa a kayen nan da nake rubutu ciki ba. Tun daga ranar buhun shinkafa ke zuwa, shi ba ya zuwa.

Na ce, "Ba ta bar komi ba, Baba."

Ya ce, "To." Ya koma tabarma yana amsa gaisuwa, muryarsa can ƙasa.

Ta bari kuwa. Kullum in rana ta yi sanyi sai ta jawo kujerarta ta tsugunno zuwa bakin zaure, wai iska take sha. In an jima ta ce, "Maigida, motar Maradi ta shigo? Ba don kowa nike tambaya ba." A ɗaki kuwa akwai curin fura ɗaya a ƙwarya, rufe da faifai, wai ko baƙo ya zo. In aka kira magariba ba baƙo, sai ta dama ta ba ni. Damina biyu ina shan rabon ubana, ga tumbin nan shaida. Daga nan sai ta ɗaga hannu ta yi wa "wancan mai taurin kai" addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira.

Matsalar ita ce ta sa na rantse ba zan faɗa masa ba. Na rantse ina dariya, a zatona akwai lokaci, za su shirya da kansu. Yanzu ga ubana yana ganin uwarsa ta tafi da fushinsa, ga magani a bakina, ga rantsuwa ta ɗaure bakin.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Sadakar uku. Gumba da masa sun ishi kowa, har Intalla ya ɗaure wata a gefen rawani ya ce ta jikokinsa ce, alhali duk suna Azagor wajen raƙuma.

Ramla, ƴar Goggo Safi, taubashiyata, ta iso daga Sabon Maci da goyonta. Ko gaisuwa ba ta yi mini ba sai ta ce, "Sannu bazawari! Ina zanen takaba? Tuzurun banza, wadda ta yarda da kai ɗin ma ta gudu." Na ce gara ni an taɓa yarda da ni, ita mijinta kuskure ya yi.

Jikoki mun yi shawara. Ranar bakwai za mu yi wasa, kamar yadda ake yi in tsoho ya cika da shekarunsa: jika ɗaya ya ɗaura zanen mamaciya, ya riƙe sandarta, ya yi tafiyarta da faɗanta, mata su yi dariya har su manta da abin da ya tara su. Ba a yi gardamar wanda zai yi ba. Inna da kanta ta naɗa ni tun tana da ƙarfi: "Ranar da na tahi kai za ka yi ni. Kar ka bar Ramla, tahiyar agwagwa gare ta."

Zanen da sandar suna ɗaki. Akwai sauran kwanaki.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Ba a yi wasa ba.

Baba ya ji labari da safe, ya shigo cikin gida ya ce, "Ba a yin wanga abu a gidan ga. Bidi'a ce. Uwata ba abin dariya ba ce."

Goggo ta ce, "Haba Yaya, ita da kanta ta yi ma kakarta, ta sha ba mu labari."

Ya ce, "Na hwaɗi."

Ban san Baba da wa'azi ba. Ina jin ba bidi'ar ce ke damunsa ba, muryar ce ba zai iya ji ba. Kuma in faɗi gaskiya, da ya hana sai na ji sanyi a raina, don makullin bai bar aljihuna ba.

Kafin ya shiga mota ya bar mini aiki: in je meri, ofishin magajin gari, in karɓo takardar mutuwa, ranar arba'in zai dawo a raba gado a sayar da gidan. Ya ce daga nan ba shi da sauran abin yi a Dakoro. Ya faɗe ta a hankali, kamar mai faɗin farashin gero.

Talata, 22 ga Afrilu, lokacin rekre, yara sun fita shan iska

Goggo da Ramla sun koma Sabon Maci, an mayar da tabarmin mutane. Na koma aji. Gidan ya yi mini faɗi, a zaure nake kwana saboda zafi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da azahar

Na je meri da shaidu biyu, Intalla da Arzika mahauci. Mamani, mai rubuta haihuwa da mutuwa, mutum ne mai haƙuri, Allah ya ƙara masa. Ya ɗauki bik zai rubuta, ya ce, "Shekarunta nawa?"

Arzika ya ce ɗari cif, don tun yana yaro take tsohuwa. Intalla ya buga sanda ya ce ƙarya ne, shi ya girme ta, kuma shi bai kai tamanin ba. Arzika ya ce in haka ne to a cikin uwarta ta fara zagin naman ubansa. Suka koma kan shekarar fara, daga fara suka koma kan wata rijiya da aka gina, daga rijiya suka koma kan wani raƙumi da ya mutu kafin a haife ni. Masu jiran takardar haihuwa duk suka juyo suna ba da tasu shaidar.

Mamani ya bar su suka gaji, sannan ya ce, "Mushe, kawo kartin ɗan ƙasa nata, shi ke raba gardama. Amma kar ka yi nawa, akwai wa'adi. In ya wuce sai kun bi ta wurin alƙali."

Na ce masa zan duba inda ta ajiye. Na san inda ta ajiye.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Na share tsakar gida har bakin ƙofarta. Ban shiga ba.

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Yau a aji yara na surutu, sai na ji bakina ya ce, "Ku yi mani shiru, ƴan ƙwal uba, kunnena ba kasuwar awaki ba ne!" Da muryarta, har da jan hancin. Aji ya fashe da dariya, dirakte, shugaban makarantar, ya leƙo ta taga. Na ce darasin karin magana muke yi.

Baba ya kira a waya. "Kai, takarda?" Na ce ana kai. Sannan ya ce, "Ba ta daɗe tana jin jiki ba ko?" Na ce ba ta daɗe ba. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin nasa ya fara hana ni cin abinci.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan masallaci

Mamani ya tare ni a bakin masallaci. Na ce masa makulli ne ya ɓace. Makullin na aljihun rigar da na yi salla da ita.

Litinin, 5 ga Mayu, da la'asar

Ban shiga ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da la'asar

Wata tambaya ta tsaya mini. Na rantse ni Zakiru ba zan faɗa masa ba. To in na ɗaura zanenta na riƙe sandarta, wa ke magana?

Juma'a, 9 ga Mayu, kafin magariba

Ramla ta zo cin kasuwa ta biyo. Ta ga tabarmata da gidan saurona a zaure, ta ga ganyen dogon yaro ya taru a dokin ƙofar Inna, ba ta tambaye ni komi ba. Ta ce, "Ashe bazawarin tsoron ɗakin matarshi shike yi. Tashi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina nan bakin ƙohwa, in ta kama ka in yi kururuwa."

Na buɗe.

Ƙamshinta na nan, man shanu da kanumfari. Sanda na jingine inda take jingine ta, zanen saƙi na kan igiya, magogin goro na kan taga. Kartin yana cikin gwangwanin madara a ƙasan adaka, hotonta ta haɗe rai kamar mai hoton ya ci bashinta. Na nuna wa Ramla muka yi dariya.

Sai na ga ƙwaryar a ƙarƙashin gado, faifai a kanta. Curin ya bushe ya tsage kamar hoge. Ran Lahadin nan, jajibirin rasuwarta, ta ce mini ta gaji, sai da safe za ta dama mini.

To, na yi kuka. Na zauna a ƙasa na yi shi sosai, da murya, irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami. Ramla da ta zo yi mini kururuwa ita ma ta zauna ta taya ni, goyonta ya ga abin ya yi kyau ya shiga. Da muka gama ta share hanci ta ce, "Wallahi in ka hwaɗa ma wani sai na ce kai kaɗai ka yi."

Na gaya mata zancen furar da addu'ar da rantsuwar, don ita ba a hana ni gaya mata ba. Na gaya mata tambayar da ta tsaya mini. Ta ce, "Ko da ba rantsuwa, in ka hwaɗa mashi da bakinka cewa zai yi lallashi ne. Sai dai ita ta hwaɗi. Amma Kawu ya hana wasa hwa, Zakiru. In ya yi hushi da kai gaban mutane?"

Na ce sai ya yi.

Litinin, 12 ga Mayu, da azahar

Takarda ta samu, da tambur da hatimi. Kartin ya ce an haife ta wajajen 1940. Intalla ya ce gwamnati ce ta yi mata ƙari, Arzika ya ce ragi aka yi mata. Mamani ya yi mini ta'aziyya ya ce in gaida shaiduna, amma in wani ya sake rasuwa a unguwarmu in nemo wasu.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na kulle zaure na gwada tafiyar. Awaki sun tsaya suna kallona, babbar har ta matso neman dusa. In akuya ta yarda, mutum ma zai yarda.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Goggo ta iso da masu daka. Ramla ta riga ta gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Zaure nashi ne, cikin gida namu ne. Yi abinka, ɗana." An yi hadari a gabas bai zubo ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da magariba

Baba ya zo. Ya rame. Na ba shi takardar, ya karanta sunanta, ya ninke ya sa a aljihu. Bai dubi wajen ɗakin ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan magariba

Sai na rubuta yanzu tun ban manta komi ba.

Da safe malamai suka yi addu'ar arba'in, aka raba sadaka. Rabon gado aka ce sai gobe. Bayan la'asar maza na zaure da Baba, mata sun cika tsakar gida ana wanke-wanke. Na shiga ɗaki. Ramla ta ɗaura mini zanen saƙi, ta yafa mini mayafi, ta shafa mini toka a gira. Goggo ta miƙo ƙwarya da sabon curi, ta rufe da faifan.

Na fito a duƙe, sanda gaba, ɗuwawu baya. Na fara da awaki: "Kur! Ƴan banza, kun cinye mani wake kuna kallona kamar na ci amanarku!" Mata suka ajiye kwanoni. Na juya kan matar Arzika na ce ta gaya wa mijinta ƙashi ba nama ba ne, in haƙora gare ni da na ba shi aro ya gwada. Na goga goro na watsa a baki, na ce wa Ramla ta matsa da tafiyar agwagwarta. Wata tsohuwa ta yi dariya har ta faɗo daga kan turmi, tana cewa, "Kulu ce wallahi, Kulu ta dawo!" Goggo na dariya hawaye na zuba, ba ta share ba. Intalla ya ɗora haɓa a kan katanga.

Dariyar ce ta shigo da Baba. Na ga takalminsa a bakin zaure kafin in ga fuskarsa. Ya ce, "Mi na ce maku?" Mata suka sunkuyar da kai.

Da a tsaye nake a rigata, da na ce yi haƙuri Baba, na tuɓe. Amma Inna ba ta taɓa tsayawa don wancan ya yi magana ba. Na jawo kujerar tsugunno kamar ban gan shi ba, na kai ta kusa da zaure, na zauna da nishi, na kau da fuska gefe yadda take yi in yana wuri.

Na ce, "Iska nike sha." Na jira kaɗan. "Maigida, motar Maradi ta shigo? Ba don kowa nike tambaya ba."

Na ɗaga faifai na leƙa furar na mayar. "Wagga ko baƙo ya zo ne. A bar ta nan." Sannan na ɗaga hannu, muryar da ta fito ban san ina da ita ba: "Allah ka tsare wancan mai taurin kai, inda duk shike. Ka ba shi lahiya, ka ruhwa mashi asiri. Ni dai na yahe mashi, duniya da lahira. Kai maigida, kar ka hwaɗa mashi."

Matan unguwa suka ce "Amin" baki ɗaya, yadda ake amsa abin da aka saba ji. Daga kan katanga Intalla ya ce, "Alhaji, damina biyu muna jin wagga addu'a kullum magariba. Kai kaɗai ne ba ka ji ba."

Ban dube shi ba, ita ba za ta duba ba. Na dai ji ya tuɓe takalmi. Ya tako, ya durƙusa a gabana a kan ƙasa, Alhaji Sallau da babbar rigarsa, a gaban ɗan cikinsa. Sannan ya ce, "Ta shigo, Inna. Makara ta yi."

Na tura masa ƙwaryar da bakin sanda. Goggo ta zuba nono ta dama, ya karɓa da hannu biyu ya sha, kafaɗunsa na girgiza. Mata suka juya baya suka koma wanke-wanke, kowa ta sami kwanon da za ta daɗe tana cuɗawa.

Rantsuwata na nan ban karya ba. Ita ta faɗa.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

An yi yayyafi da asuba, ƙasa na ƙamshi. Ba a yi rabon gado ba, Baba ya ce malamin da zai raba ya koma gida sai an neme shi.

Na raka shi tasha. Duk hanya zancen tsadar raguna yake yi. Da mota ta cika ya ciro takardar meri ya miƙo mini ya ce, "Kai, aje wannan wurinka. Kuma ka sa a gyara indararon ɗakin nan kahin ruwa shi sauka." Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya tsaya, bai juyo ba. "Ina zuwa jajibirin salla. Hurar jiya kanumhwari ya yi mata kaɗan."

Na ce za a ƙara.

Asabar ɗin dai, da yamma

Ramla ta ce takabata ta ƙare, za ta nemo mini wata tsohuwar a Sabon Maci. Na mayar da tabarmata ciki. Kujerar kuwa na fito da ita bakin zaure na zauna.

Intalla ya leƙo ya ce, "Mushe, yanzu hwa ya tahi."

Na ce masa iska nake sha.